Kocin Kankana

Duk kasuwar kayan marmari babu wanda bai san Cafkau ba. Wanda bai san fuskarsa ba ma ya san bakinsa. Aikinsa sauke kankana daga mota. In babbar mota ta iso da safe, mutum shida za su jeru tun daga bayan mota har cikin rumfa, na sama ya jefo, na ƙasa ya cafe ya wurga wa na hagunsa, haka har ta isa inda ake tarawa. Cafkau ne ke tarar wadda ta faɗo daga sama. Ya ce shekararsa talatin a wurin, ko ɗaya ba ta taɓa kuɓuce masa ba. Waɗanda suka fashe a gabansa kuwa, ya ce tun a gona suka yi niyya.

Yana da ɗan ƙanwa, Tsani ake ce masa, don in ya miƙe a tsakar gida yana ganin abin da maƙwabta suka shanya. Tsani ɗan wasan ƙwallon kwando ne, ba irin na bakin titi ba, na kulob, mai albashi, mai riga da lamba a baya. Da wannan albashin uwarsa ta daina wankau.

Ran Lahadi da hantsi sai ga uwar ta shigo gidan Cafkau, Tsani na biye da ita yana sunkuyar da kai a ƙofa.

"Yaya, za su kori yaron nan."

"Wa ya isa? Me ya sata?"

"Bai saci komai ba. Kai, faɗa masa da bakinka."

Tsani ya durƙusa, a durƙushen ma ya fi Cafkau tsawo. Ya ce, "Kawu, jifa na iya. Amma Koci ya ce ba na ribawun."

"Ba ka me?"

"In an jefa ƙwallo ba ta shiga ba, ta bugi ƙarfe ko allo ta dawo, to cafke ta shi ne ribawun. Koci ya ce rabin jifan da ake yi a wasa ba ya shiga, wanda ya fi tsintar na dawowa shi ke cin wasa. Ni kuma duk tsawon nan nawa biyu nake kamawa, in abin ya yi kyau uku. Ya ce ran Asabar in ban kama goma ba in ajiye musu rigarsu."

"Me ke hana ka?"

"In ta taho, idona ne ke rufewa."

Cafkau ya yi dariya har da buga cinya. "Wato abu ne zai faɗo daga sama a ce ka tare. Kuma ina raye kake zubar mana da mutunci. Auta, ke ma da laifinki, da tun yana goye kin kawo min shi. Goma? Ashirin zai kama. Kwana biyar ya ishe ni."

Matarsa na daga bakin murhu ta ce, "Shekaranjiya na jefo maka mabuɗi ta taga, a kwata muka tsamo shi."

"Mabuɗi ba shi da nauyi. Ni mutumin kaya ne mai nauyi."

Litinin da safe ya ce sai ya fara ganin wurin aikin da idonsa. Wani ƙaton ɗaki ne mai daɓen katako, yana sheƙi kamar an lashe. Cafkau ya shiga da takalminsa na kasuwa, duk inda ya taka sai ya bar shaida. Kocin wani gajere ne mai sanƙo, da usur a wuya. Ya dubi daɓen, ya dubi Cafkau.

"Baba, wa kake nema?"

"Kai. An ce kai ke koya wa mutane kama abu. Shekararka nawa kana kama abu?"

"Baba, muna atisaye."

"Ni talatin. Jefo ta ka gani, yaran nan su ƙaru."

Koci ya ga hanyar rabuwa da shi ke nan, sai ya wurga ƙwallo ta bugi ƙarfen kwando. Cafkau ya tsaya ya buɗe hannu kamar za a miƙo masa jariri. Ƙwallon ta sauka taku biyu a gabansa, ta yi tsalle ta same shi a haɓa, haƙoransa suka ce ƙas. 'Yan wasa duk suka juya suna duba igiyar takalmi.

Cafkau ya gyara hula ya ce, "Abin da zai faɗi ƙasa ya tashi ai ba kaya ba ne, iska ce aka ɗinke. Shi ya sa yaron ya lalace. Wanda ba ya tsoron abu ya fashe, don me zai kama shi?"

Mai gadi ne ya raka shi har titi.

Da la'asar ya buɗe nasa filin a gida. Ya ɗauki bokitin matarsa ya yanke gindin, ya ciro murfin kabad ya buga a katanga, ya kafa bokitin a jiki da ƙusa huɗu. Ya sa Tsani ya tsaya a ƙasa, shi kuma ya ja da baya da kankana.

"Zan buga ta a allo. In ta dawo ka kama."

Ya wurga. Kankana ta bugi murfin kabad ta ce fash, ruwa ya yi gabas, 'ya'ya suka yi yamma.

"Kawu, ba ta dawo ba."

"Ta dawo mana, kashi-kashi dai. Me ka kama?"

Tsani ya dubi hannunsa. "Ɓawo biyu."

"Ka gani? Jifa ɗaya har ka kai na wasanka guda."

Ta biyu Cafkau ya ƙara ƙarfi, ta haye katanga. Aka ji shiru, sannan aka ji salati. Tela ne maƙwabcinsu, ya shanya farar rigar wani mutum da zai zo karɓa da yamma. Ya leƙo ta saman katanga da rigar a hannu, ta koma kamar an yanka kaza a kai.

"Cafkau, yaƙi ake yi ba a gaya mana ba?"

"Horo muke yi. Ran Asabar za ka yi alfahari da cewa rigar nan ta taimaka."

"Mai rigar za ka yi wa wannan bayanin, yana tafe."

Matarsa kuwa ta tsaya tana leƙen mijin ta cikin bokitin da ba gindi. Wannan leƙen ne ya fi ba shi tsoro.

Talata tun da sanyin safiya ya tasa Tsani gaba sai kasuwa. Mai kaya, wato mai kankanar, ya ɗaga kai yana neman ƙarshen yaron.

"Cafkau, wannan falwayar fa?"

"Ɗana ne. Zai tsaya a wurina, ni zan duba shi."

"Duk wadda ya fasa ku kwashe abinku ku ba ni wuri."

Na saman mota ya jefo ta farko, Tsani ya rufe ido, ta fashe a kan ƙafarsa. Ta biyu haka, ta uku haka. A ta biyar idon ya gaji da rufewa, ya buɗe, sai ga kankana a hannunsa. Murna ta kama shi, ya tsaya yana kallonta yana washe baki. Ta shida ta same shi a ƙirji, ta bakwai a goshi. Na saman mota ba ya jiran kowa, ko uban wa ke ƙasa.

Cafkau ya tsaya a kansa. "Tashi. Doka ɗaya ce a layin nan. Ido na sama, hannu na hagu. Ka cafe, ka saki. Ba ka duba wanda ke hagunka, yana nan, aikinsa ke nan. Kankana ba matarka ba ce da za ka rungume ka tsaya kallo. Maimaita."

"Ido na sama, hannu na hagu."

"Wanda ya riƙe fa?"

"Ya sha ta biyu a ƙirji."

Ranar sha ɗaya suka fashe. Suka cika baho suka kai gida, Cafkau ya bi ƙofa-ƙofa yana rabo kamar wani mai hali. Maƙwabta suka yi godiya. Laraba aka sake kawo baho, suka yi godiya kaɗan. Alhamis da aka hango shi tafe, ƙofofi suka fara rufe kansu. Duk katangar layin ta cika da katifun yara an baza a rana. Tela ya ce shi ko kyauta aka ce masa yanzu sai ya tambaya ja ce ko wace kala.

Amma a faɗi gaskiya, yaron ya fara kamawa. Idon da ya san in ya rufe goshi zai biya, ya daina rufewa. Ran Juma'a Cafkau ya ce wa na saman mota ya riƙa jefowa a karkace, wata can sama, wata gefe, wata kamar da fushi. Tsani ya riƙa tashi sama yana tsinko su yana wurgawa hagu tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Mota guda aka sauke ko tsaga babu. Masu lemo da masu ayaba suka bar rumfuna suka zo kallo. Cafkau ya zagaya yana karɓar gaisuwa.

A hanyar gida Tsani ya ce, "Kawu, amma fa a wasa in na kama, sai na duba wa zan ba."

"Dubawar ce ta kai ka inda kake. Koci goma ya ce ka kama, ko goma ya ce ka duba?"

"Kamawa ya ce."

"To rufe min baki."

Asabar Cafkau bai bar kowa a baya ba. Ya shawo kan direban motar kankana, aka share bayan mota, aka loda 'yan kasuwa, da mai kaya, da matarsa, da uwar Tsani, har da Tela, wanda ya ce shi ya zo ne ya ga inda rigar mutane ta tafi. Direba ya ja motar da baya har bakin ƙofar ɗakin wasa, ya ce nan ne inuwa. Cafkau ya ari usur ya rataya. Suka kama bencin gaba, dab da kwando ɗaya, 'yan layin sauke kaya suka zauna yadda suke tsayawa a wurin aiki, don su ko abinci za su ci haka suke jeruwa. Na ƙarshensu yana bakin ƙofa.

Su Tsani kore suka sa, baƙi ja. Aka busa.

Ba a yi minti guda ba wani mai ja ya jefa, ta bugi ƙarfe ta tashi. Tsani ya bi ta sama, ya wuce kan kowa, ya cafke da hannu biyu. Ɗaki ya ɗauki ihu. Ihun bai sauka ba ya wurga hagu. Wani mai ja ne tsaye a wurin yana shirin komawa baya, sai ya ga ƙwallo a hannunsa. Ya dube ta, ya dubi Tsani, ya ɗaga hannu ya saka a kwando.

Cafkau ya ɗaga yatsa. "Ɗaya."

Matarsa ta ce, "Ai su ya ba."

"An ce ya kama, ya kama. Ke me kika sani a wasa?"

Ta biyu ma mai ja ya samu. Ta uku har godiya ya yi. Koci ya fara tsalle a bakin layi, sanƙon na ƙyalli.

"Riƙe, Tsani! Riƙe ta!"

Cafkau ya miƙe ya busa nasa usur. "Kar ka riƙe, ta biyu na tafe!"

Ta shida alƙalin wasa ne ya yi rashin sa'ar tsayawa a hagu. Sai ga shi rungume da ƙwallo, usur a baki, yana waige-waige ya rasa wa zai hukunta.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Tsani ya kama sha ɗaya, su kore kuma ana binsu maki sha biyu. Cafkau ya bi benci yana miƙa wa mutane hannu.

"Goma aka ce. Ga sha ɗaya, ko rabi ba a wuce ba. Kwana biyar fa kawai na yi da shi."

Tela ya ce, "Da ka yi kwana goma da shi da yanzu mun tashi."

Uwar Tsani kuwa rigar da ke jikin ɗanta kawai take kallo.

Koci ba wawa ba ne. Da aka dawo sai ya sa wani ɗan siririn yaronsa ya liƙe a hagun Tsani, duk inda ya yi ya bi shi. Ta farko ta faɗa hannun kore, ta biyu ma haka, maki ya fara tashi. Masu ja suka farga, suka turo mutum biyu su ture siririn. Koci ya ƙara uku. Masu ja suka ƙaro sauran. Kafin a jima, da an jefa ƙwallo babu mai kallon kwando. Mutum tara ne ke turereniya a hagun Tsani kamar ƙofar motar haya ranar ruwan sama, wannan na taka wancan, wancan na jan rigar wannan. Shi kuwa Tsani yana can sama shi kaɗai, yana tsinkowa yana zubawa a cikin taron, wanda Allah ya ba ya samu.

A haka aka lallaɓa har saura daƙiƙa biyar, su kore na baya da maki ɗaya tak. Wani mai kore ya jefa a kwandon da ke gaban 'yan kasuwa. Ta zagaya bakin ƙarfe ta fito. Mutum taran nan suka ruga hagu gaba ɗaya, ƙafafu suka sarƙe, suka zube tuli guda. Tsani ya tashi ya cafke. Ga shi ga kwando, babu kowa a kansa, hannu kawai zai miƙa ya saka a tashi da nasara.

To ashe Cafkau zama ya gagare shi. Ya taso har bakin layi yana ba da umarni, kuma a hagu ya tsaya.

Ƙwallo ta taho masa. A nan kam ba za a ci amanarsa ba, ya cafke ta cafka mai kyau, irin wadda ake labari. Sai dai shekara talatin ba wasa ba ce. Kafin kansa ya ce wani abu, hannu ya riga ya wurga hagu. Na uku a layi ya cafe daga zaune ya miƙa, na huɗu ya miƙa, na biyar ya miƙa, na ƙarshe ya juya ya cilla ta ƙofa. Aka ji ta ce dum a bayan mota.

Aka busa tashi.

Ɗakin ya yi tsit. Na ƙarshen layi ya leƙa waje ya dawo ya ce, "Ta isa lafiya, ba ta fashe ba."

Nan wuri ya ɓarke. Wasu na dariya har suna kwanciya a benci, wasu na neman wanda ya kawo mutanen nan. Kyaftin ɗin masu ja ya zo ya kama hannun Cafkau da hannu biyu.

"Baba, Allah ya ƙara basira. Don Allah kar ka daina koya musu."

Mai kaya ya ja hularsa ya rufe fuska. Tela ya ce yau ya yafe rigar, ya ga abin da ya fi ta.

Koci ya kira Tsani tsakiyar fili. Jama'a ba su watse ba, kowa na so ya ga ƙarshe. Ya tambayi mai rubutu nawa yaron ya kama, aka ce sha tara.

"Goma na ce, ka kama sha tara. Rabinsu ka yi sadaka da su, ta ƙarshe kuma ka aika kasuwa. Wanda ba ya kamawa na san yadda zan yi da shi. Kai ban san me zan yi da kai ba."

Mai gadi ya shigo da ƙwallon, tana ƙamshin kankana. Koci ya karɓa ya juya ta a hannu.

"Zan jefo maka. In ka riƙe ta har na ƙirga goma, ka zo Litinin. In ta bar hannunka, rigar ta bi ta."

Cafkau ya gyara murya. "A tsarin aiki dai, wanda ya riƙe..."

Matarsa ta kama igiyar usur ɗin ta jawo shi ƙasa. "Zauna, Malam. Ka yi naka."

Duk wanda ke hagun Tsani ya dare. Koci ya jefa. Tsani ya cafke, kafaɗunsa suka fara juyawa da kansu, yana ji yana gani. Sai ya yi ido huɗu da uwarsa. Ba wanda ya ga lokacin da ta taso. Tana tsaye dab da shi a hagu, ta harɗe hannu a baya, ta ɗaga haɓa.

"Jefo min. Jefo wa uwarka ka gani."

Tsani ya sandare. Gumi ya karyo masa, ƙwallon na so ta tafi, shi yana roƙonta. Koci ya fara ƙirga. Da ya kai bakwai ya tsaya ya yi tari, ya goge sanƙo, sannan ya ce takwas. Ya kai goma. Ya ƙara biyu don ya tabbatar.

"Shi ke nan, ka zo Litinin. Kawo ƙwallon."

"Koci, sai ta matsa."

Uwar ta ce, "Ba inda zan matsa."

Koci ya dube ta, ya dubi ƙwallon da ke manne a ƙirjin Tsani kamar an ɗaure. Ya sassauta murya.

"Mama, Asabar mai zuwa kina da wani aiki?"

"In za a ajiye min kujera ta wannan gefen, zan zo. Amma wancan," ta nuna yayanta da baki, "a tsayar da shi a titi."

Cafkau ya juya wajen mai gadi, wanda ya riga ya kama masa gwiwar hannu.

"Ka ji ko? Ƙanwata ce, ni na rene ta. Gidanmu duk haka muke, koci-koci ne."

Mai gadi ya ce, "Na ji, Baba. Taka a hankali, an goge daɓen."